Karatun Allo Da Sanin Halitta: Wani Hakki Na Yara A Kan Iyaye Da Malamai

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mahaliccin giwa da kiyashi, Mai ciyar da tsuntsu a sheƙarsa da kifi a cikin ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu ɗan Abdullahi, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani hakki ne na yara wanda ba a cika ambatonsa a wajen wa'azi ba, watau sanar da su halittun Allah, dabbobi da tsuntsaye da itatuwa, ta hanyar karatun da suke yi kullum safe da yamma. Yaro a ƙasar Hausa yakan fara da Fatiha, sa'an nan ya kama daga Nasi yana hawa sama. Kafin ya gama izu biyu, ya riga ya ambaci giwa, da tsuntsaye, da dawaki, da ɓaure, da raƙumi, da bakinsa. Amma sau da yawa ba wanda ya gaya masa cewa abin da yake ambata a kan allo shi ne abin da yake gani a ƙofar gida ko a hanyar gona. Sai ya tashi yana ɗaukan karatu wani abu ne daban, daji kuwa wani abu ne daban, alhali Wanda Ya saukar da Littafin Shi ne Ya halicci dajin.

Abin Da Ke Kan Allon Yaro

Idan mai karatu ya bi gajerun surorin nan ɗaya bayan ɗaya, zai ga abin mamaki. A ƙarshen Suratul Masadi an ambaci igiya wadda malaman ƙasar nan suke fassarawa da igiyar kaba, kaba kuwa ganyen ƙaramar goriba ne, wanda ake saƙa tabarmar da yaron yake zaune a kanta. Sura ta goma daga Nasi ita ce Suratul Fili, mai ba da labarin rundunar Abrahata da giwarsa, da tsuntsayen da Allah Ya halaka su da su, a shekarar da aka haifi Annabi, wajen 570 ta Miladiyya. Suratul Ƙari'a ta kamanta mutane a ranar tashin kiyama da ƙwarin nan da ke rububin faɗa wa fitila da dare. Suratul Adiyati ta buɗe da rantsuwa da dawaki masu gudu suna haki. Suratut Tini ta buɗe da rantsuwa da itatuwa biyu, tini da zaitun. Suratul Gashiya, daga aya ta 17 zuwa ta 20, ta zargi waɗanda ba su duban raƙumi yadda aka halicce shi, da sama, da duwatsu, da ƙasa. Suratul A'ala ta ambaci makiyayar da ake fitarwa kore shar, daga baya ta bushe ta yi baƙi, abin da kowane yaro yake gani tsakanin damina da rani. Suratu Abasa, daga aya ta 24 zuwa ta 32, ta umarci mutum ya dubi abincinsa, ta lissafa ruwan sama, da tsagewar ƙasa, da ƙwayar hatsi, da inabi, da zaitun, da dabino, da ciyawar dabbobi.

In aka yi gaba kuwa, ga surori sukutum da aka sa wa sunayen dabbobi: Baƙara, watau saniya, An'ami, watau dabbobin ni'ima, Nahali, ƙudan zuma, Namli, tururuwa, Ankabuti, gizo-gizo. Ga hankakan da ya koya wa ɗan Adamu yadda zai binne ɗan'uwansa a Suratul Ma'ida, aya ta 31. Ga alhudahudan Annabi Sulaimanu, da garar da ta ci sandarsa. Ga karen Ashabul Kahafi. Har sauro da ƙuda Allah bai raina ba, Ya buga misali da su a Baƙara, aya ta 26, da Hajji, aya ta 73.

To, wannan ya isa ya nuna cewa Musulmi ba ya bukatar ya aro hujja daga wani wuri kafin ya koya wa ɗansa sunan itace ko halin tsuntsu. Suratul Baƙara, aya ta 31, ta nuna cewa ilmin da aka fara ɗaukaka Annabi Adamu da shi a gaban mala'iku shi ne sanin sunayen abubuwa. Suratul An'ami kuwa, aya ta 38, ta bayyana cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummu ne kamar yadda mutane suke al'ummu. Wanda yake zaune tare da wata al'umma, bai san sunanta ba, bai san halinta ba, ta yaya zai ba ta hakkinta?

Yadda Annabi Ya Yi Da Yara

Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umaru, Allah Ya yarda da su, cewa wata rana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ganyenta ba ya kakkaɓewa, wadda kuma ta yi kama da Musulmi. Sai manya suka shiga lissafa itatuwan daji. Abdullahi kuwa ya gane a ransa cewa dabino ce, amma ya ji nauyin magana domin shi ne ƙarami a wurin. Da Annabi ya faɗi amsar, sai ya zama ita ce. Da yaron ya gaya wa mahaifinsa abin da ya faru, Umaru ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi a kan dukiya mai yawa. Buhari ya sanya wannan hadisi a cikin littafin ilmi, a babin malami ya jefa wa almajiransa tambaya domin ya gwada saninsu. Wannan shi ne abin da Hausawa suke kira kacici-kacici, ga shi kuwa an yi shi a majalisar Annabi, a kan itace.

Haka kuma Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Anas ɗan Maliku cewa yana da wani ƙane, ana yi masa alkunya da Abu Umairu, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi. Annabi yakan kira yaron da alkunyarsa, ya tambaye shi labarin tsuntsun. Malamai sun fitar da fa'idoji masu yawa daga wannan ɗan gajeren hadisi. A ciki har da halaccin yaro ya riƙe tsuntsu muddin ana ciyar da shi ba a azabtar da shi, da kuma cewa babban mutum ba ya raguwa don ya tsaya ya yi wa ƙaramin yaro zancen abin da yaron yake so.

Magabata Ba Su Raba Ilmin Nan Biyu Ba

Malaman Musulunci na farko sun yi rubuce-rubuce masu yawa a wannan fanni. Aljahizu, mutumin Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya wallafa Kitabul Hayawan a kan dabbobi. Abu Hanifa Addinawari, wanda ya rasu a 282, ya wallafa Kitabun Nabati a kan tsirrai. Ibnul Baiɗar, wanda aka haifa a Malaga ta Andalus ya rasu a Dimashƙa a 646, ya tattara bayanin tsirrai da abinci da magunguna wajen 1,400. Addamiri na Misira, malamin fiƙihu da hadisi, wanda ya rasu a 808, ya jera dabbobi bisa tsarin haruffa a cikin Hayatul Hayawan, yana kawo halin kowace dabba, da hadisan da suka ambace ta, da hukuncin cin namanta. A nan ƙasar ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 Miladiyya, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da amfanin filasko.

A zamanin boko kuwa, wani likita Bature mai suna Dalziel ya bi ƙasar Hausa ya tattara sunayen tsirrai daga bakin manoma da maharba da masu magani, aka buga su a 1916. Daga baya Alhaji Abubakar Imam da Dokta East suka fitar da littafin Ikon Allah a Zariya, daga 1949, domin ɗan Bahaushe ya karanta labarin halitta iri iri da harshensa. Sunan littafin kaɗai ya isa darasi: sun nuna wa yaro cewa sanin yadda tsiro yake girma da yadda tsuntsu yake tashi sanin ikon Allah ne.

Abin Da Ake Hasara

Yau yara da yawa a birane ba su iya bambanta gawo da bagaruwa, ko kanya da kaɗanya. Suna cin daddawa ba su taɓa ganin ɗorawa ba, suna shan miyar kuka ba su san ganyenta ɗanye ba. Idan suna ya ɓace, sanin amfanin abin yakan bi shi, sa'an nan tausayinsa ya bi baya. Mutum ba ya jin zafin saran itacen da bai san sunansa ba.

Ƙasar nan kuwa ta ɗanɗana sakamakon haka. Tsofaffi ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. Giwar da kowane yaro yake ambata a kan allo, sai an je irin su dajin Yankari a Jihar Bauchi kafin a gan ta a sake. Ungulu, wadda a dā ba a rasa ta a mahauta tana share mushe, ta yi ƙaranci ƙwarai, har a 2015 masu kula da halittu na duniya suka sanya irin wadda aka saba gani a garuruwa cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Suratur Rumi, aya ta 41, ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata, Suratul Baƙara kuwa, aya ta 205, ta sanya halaka shuka da dabbobi cikin siffofin maɓarnaci.

Amma gyara yana yiwuwa, an kuma gan shi. Raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, ba su wuce 50 ba a 1996, amma da aka tsare su sun haura 600. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, suka riƙa barin tohon da ya fito daga kututture a gonakinsu suna yi masa sassabe maimakon su tumɓuke shi, har masu bincike suka ƙiyasta cewa sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ba su yi wannan da kuɗi ba, sun yi shi ne da sanin itatuwan ƙasarsu. Wannan sani shi ne ake tsoron kada ya yanke a hannun 'ya'yansu.

Hanyoyin Da Za A Bi

Na farko, malami ya riƙa faɗa wa yaro sunan abu da Hausa a lokacin da yake biya masa. Wannan ba ya hana hadda, ƙarfafa ta yake yi, domin abin da aka gane ya fi zama a zuciya. Wanda bai yi nisa a Larabci ba, ga tarjamar Alƙur'ani ta Hausa, tun daga wadda Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya fitar a 1979 har zuwa waɗanda suka biyo baya.

Na biyu, a haɗa karatu da gani. Ranakun Alhamis da Juma'a, da ba a zaman makarantar allo, uba ko yaya ya ɗauki yara, maza da mata, zuwa gona ko bayan gari. Yaron da ya karanta Suratut Tini a kai shi gindin ɓaure, a gaya masa cewa tinin ƙasar Larabawa ɗan'uwan wannan ne, haka kuma cediya da durumi da gamji duk dangi ɗaya ne, ana gane su da farin ruwan nan mai danƙo da ke fita idan an tsinki ganye. A fasa masa ɗan ɓaure ya ga 'yan ƙwarin da ke ciki, a bayyana masa cewa furen ɓaure a cikin ɗan yake, waɗannan ƙwari kuwa su ne ke shiga ta wata 'yar ƙofa su kai masa ƙurar fure daga wani itacen, in ba su ba iri ba ya ƙulluwa. Wanda ya karanta Suratul Waƙi'a a nuna masa magarya, wadda malamai suke fassara sidiru da ita, da 'yar'uwarta kurna, a gaya masa cewa da ganyen wannan itace sunna ta zo a yi wa mamaci wanka. Wanda ya karanta Gashiya a kai shi kara ranar kasuwa ya dubi raƙumi: faɗin tafin ƙafarsa da ke hana shi nutsewa a rairayi, da dogon gashin idonsa, da hancinsa mai rufewa idan guguwa ta taso, da tozonsa, wanda kitse ne a ciki, ba ruwa ba kamar yadda wasu suke zato. Wanda ya kai Suratun Nahali a nuna masa amya a kan itace daga nesa.

A nuna masa gawo kuma, itacen da ya saɓa wa sauran itatuwa: yana kakkaɓe ganyensa da damina, ya bar wa gero hasken rana, ya ba ƙasa taki, sa'an nan ya yi kore da rani, lokacin da dabbobi suke bukatar inuwa da abinci. A nuna masa shamuwa idan ta sauka gab da damina, a gaya masa cewa daga kudancin Afirka ta taso, fara da tsutsotsi kuwa su ne abincinta, saboda haka abokiyar manomi ce.

Na uku, yaro ya shuka da hannunsa. Gwangwani ɗaya da 'yar ƙasa sun isa. Ya binne ƙwayar wake, da ta gero, da ƙwallon dabino, ya riƙa ba su ruwa yana ƙirga kwanaki, ya ga wanda ya riga fitowa. Sa'an nan a buɗe masa Suratul An'ami, aya ta 95, inda Allah Ya siffanta kansa da tsage ƙwayar hatsi da ƙwallon dabino. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Anas cewa Musulmi ba zai dasa itace ko ya yi shuka ba, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare ta, face an rubuta masa sadaka.

Na huɗu, a ajiye littafi a gida, a riƙa karanta wa yara bayan sallar Isha'i, ko da shafi guda ne. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, irin waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara a Tatsuniyoyi Da Wasanni, da labarun akun nan na Magana Jari Ce, suna sa yaro ya so dabbobi ya kuma so karatu. Sai dai a riƙa bambanta masa tatsuniya da gaskiya: kura ba ta magana, gizo-gizo kuwa ƙafa takwas gare shi, ba shida ba kamar tururuwa da fara. Hotunan namun daji da ake gani a waya da talabijin suna da amfani, amma kada yaro ya san dabbobin wata nahiya ya jahilci tsuntsun da ke sheƙa a zauren gidansu.

Na biyar, a ba yaro ɗan littafin rubutu, ya je wurin kakansa ko kakarsa ya tambayi sunan kowane itace da amfaninsa, ya rubuta da boko ko da ajami, ya manna ganyen a gefe ko ya zana shi. Zanen itace ba shi da laifi, domin Abdullahi ɗan Abbas ya yi wa wani mai sana'ar zane nuni da ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. A cikin wannan littafi ne za a rubuta masu cutarwa ma, irin su zaƙami mai gusar da hankali, da tumfafiya da tinya waɗanda ruwansu yake illa ga ido. Sanin su kariya ne.

Iyakokin Shari'a

Wajibi ne wannan sani ya haifar da tausayi. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuwa sake ta ba, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, duk suna cikin Buhari da Muslimu, kowane yaro kuma zai iya gane su. Abdullahi ɗan Umaru ya taɓa iske wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka gan shi suka watse, ya sanar da su cewa Annabi ya la'anci wanda ya mai da abu mai rai abin gwajin harbi. Iyayen da 'ya'yansu ke yawo da danƙo suna harbin tsuntsaye da ƙadangaru don wasa kawai, su dubi wannan hadisi da kyau.

Shari'a ba ta hana farauta don ci ba, ba ta kuma hana kashe abin da ke cutarwa ba, kamar kunama da ɓera da kare mai cizo. Amma hadisi na 17 a cikin Arba'una na Annawawi ya wajabta kyautatawa har a wajen kisa da yanka. Risala ta Ibnu Abi Zaidi, wadda ya wallafa tun asali domin a koyar da yara, ta yi bayanin wannan a babukanta na ƙarshe: ta karhanta kashe kwaɗi, ta karhanta ƙona ƙwarƙwata da ƙuma da wuta, ta kuma nuna cewa barin tururuwa ya fi, sai in ta cutar an rasa yadda za a yi da ita.

Haka kuma sani yana kau da camfi. Ana tsoratar da yara cewa kukan mujiya alamar mutuwa ne, alhali hadisi ingantacce ya kore shu'umci da tsuntsaye, mujiya kuwa ɓeraye take kamawa da dare, masu ɓarnar rumbu. Daga ɗaya ɓangaren, kada malami ya ɗora wa aya ma'anar da ba ta ɗauka ba domin ta dace da wani zancen kimiyya da ya ji. Alƙur'ani littafin shiriya ne, ya yi umarni a duba. Bayanin abin da aka gani kuwa sai a nema wurin masana, tafsirin aya kuma wurin malaman tafsiri.

Imamu Ahmad ya ruwaito daga Anas cewa Annabi ya yi umarni, ko da alƙiyama za ta tashi alhali ɗayan mutane yana riƙe da dashen dabino, in ya sami iko ya dasa shi. Uba da malami ba su san abin da yaron da ke gabansu zai zama ba, amma dashen yana hannunsu yau. Su fara da sura guda da itace guda a wannan mako.

Allah Ya shiryi zuriyar Musulmi, Ya ba su ilmi mai amfani da zuciya mai tausayi, Ya ba da damina mai albarka, Ya kiyaye ƙasa daga fari da annoba, amin.